Daga Malesiya zuwa Bauchi: a duba wata kafin a zaɓi tsibiri

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da ta fi yawan zuwa daga Bauchi, musamman daga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a nan Malesiya kuma suke shirin zuwa bikin yaye ɗalibai, ita ce: in an watse daga biki aka samu kwana huɗu ko biyar, wane tsibiri za a kai iyali? Galibi mai tambayar ya riga ya ga hoto a waya, ruwa shuɗi garau har ana hango yashin ƙasa, ya ce shi nan yake so. To hoto ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi, kuma a kan watan maganar take.

Wanda ya je Yankari tsakiyar damina ya san abin da ake nufi. Ciyawa ta rufe hanya, dabbobi sun bazu cikin daji tunda ko'ina akwai ruwa, sai rani suke taruwa a bakin kogin Gaji. Tsibiran nan ma kowane da lokacinsa, kuma abin mamaki, lokacin a ɗaure yake da hunturunmu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska daga arewa maso gabas take busowa, a can da nan. Tamu Sahara ta ratso, shi ya sa take zuwa da ƙura da tsagewar leɓe. Tasu kuwa Tekun Kudancin Sin ta ratso, sai ta zo ɗauke da ruwa ta juye shi a gaɓar gabas, wato jihohin Kelantan da Terengganu da Pahang. Tsibiran da ke cikin hotunan nan, Perhentian da Redang da Tioman, duk a wannan gefen suke. A Perhentian da Redang yawancin masaukai rufewa suke yi daga wajen Nuwamba har Fabrairu, jiragen ruwa su tsaya saboda igiyar ruwa. Gaɓar yamma tsaunukan tsakiyar ƙasar sun kare ta, don haka wanda zai zo da hutun Disamba, Langkawi ko Penang ne nasa. Mai zuwa da dogon hutun Yuli da Agusta shi ne ya dace da gabas. Langkawi tata daminar ta fi ƙarfi a Satumba da Oktoba, amma ba ta kai a rufe otal.

Langkawi ita ce mafi sauƙi ga mai tafiya da tsofaffi da yara. Tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah, kusa da iyakar Tailan, babban cikinsu yana da filin jirgin sama, kimanin awa ɗaya daga Kuala Lumpur. Mai son jirgin ruwa zai hau a Kuala Perlis, awa ɗaya da 'yan mintuna, ko a Kuala Kedah, inda ya ɗan fi nisa. Akwai asibiti, akwai bankuna, wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Tun 1987 aka cire mata harajin kaya, saboda haka cakulan da turare da kwanuka da tangaram suna da araha a garin Kuah, kuma matan Malesiya da kansu can suke zuwa sayayyar kayan kicin. Sai dai cire harajin ya haɗa da giya, ana sayar da ita a fili a shagunan da ke bakin tekun Cenang. Mai iyali ya nemi masauki ɗan nesa da tsakiyar layin. Abin kallo na nan: keken igiya da ke hawa da mutum kan dutsen Mat Cincang, sama da mita 700, da gadar sama mai tsawon mita 125 a can ƙololuwa, da yawon kwalekwale cikin kurmin ruwa na Kilim inda shaho ke sauka ɗaukar abinci. Keken igiyar ana tsayar da shi in iska ta yi ƙarfi, don haka a je da safe, kuma kada a bar shi sai ranar ƙarshe.

Aibin Langkawi biyu. Ruwanta bai kai na gabas haske ba, kore ne mai ɗan gurɓi saboda laka da koguna ke kawowa. Wanda ya zo da hoton ruwa garau a zuciya zai ce an yaudare shi. Sannan akwai wata halittar ruwa mai kama da leda, suna ce mata obor-obor, tana harbi kamar kunama. In ta taɓa yaro, ruwan tsami na kwalba ake zubawa, wanda suke kira cuka, ba a gogewa da hannu, ba a wankewa da ruwan sha, domin shi yake ƙara fasa dafin. In numfashi ya fara sarƙewa, asibiti kai tsaye.

Motar haya irin tamu mai lodi babu ita sosai a Langkawi, babu kuma Keke a bakin kowane layi kamar a Wunti. Ko dai a kira mota ta manhajar Grab, wadda ke nuna kuɗin tun kafin a shiga, babu ciniki, ko a yi hayar mota a tuƙa da kai. Mai tuƙi ya tuna su a hannun hagu suke tafiya, sitiyari a dama. A miƙaƙƙiyar hanya hannu na saurin sabawa. A shataletale ne da wajen fitowa daga gidan mai ake kuskure, hannu ya koma irin na gida ba tare da an sani ba. A ɗauki hoton jikin motar ta kowane gefe kafin a karɓi makulli, don kada a ɗora wa mutum tsohon ƙarce.

Perhentian kuwa ita ce ta cikin hoton, kuma samunta da ɗan wahala. Jirgin sama zuwa Kota Bharu, mota kimanin awa ɗaya zuwa tashar Kuala Besut, sannan kwalekwale mai inji na minti 30 zuwa 45. Kwalekwalen na ƙarshe da yamma yake tashi, saboda haka jirgin saman rana tsaka kan jawo kwana a Besut ba shiri. Gaban kwalekwalen shi ya fi dukan ruwa, tsoho da mai ciwon baya da mai juna biyu su zauna baya. Maganin jiri da amai ana shan sa kafin a hau da kamar rabin awa, in an bari sai ciki ya fara juyawa an makara. Kafin hawa ana biyan kuɗin gandun ruwa, wato yankin tekun da doka ta kare, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Tsibirai biyu ne, kuma a nan ake yawan kuskuren zaɓi. Kecil, wato ƙaramin, ya fi araha, amma bakin tekunsa mai tsawo matattarar samarin Turawa ne, kiɗa har tsakar dare. Besar, babban, shi ne na iyali, shiru. Masallacin yana ƙauyen masunta a kan ƙaramin, ranar Juma'a da kwalekwale ake zuwa. Babu titi, babu mota, duk zirga-zirga ta ruwa ce ko ta ƙafa. A zo da tsabar ringgit, kuɗin Malesiya, daga Kota Bharu, kada a dogara da samun na'urar cire kuɗi. Komai da jirgi ake kawo shi, har ruwan gora, shi ya sa farantin shinkafa ya fi na cikin gari tsada. A ɗakuna masu araha a tambaya ko wuta awa 24 ce, domin wasu janareto ne, kuma mu ba sai an yi mana bayanin janareto ba.

Abin da ake zuwa yi shi ne leƙen ƙarƙashin ruwa da tabarau da bututun numfashi, a ga kifaye kala-kala da kunkurun ruwa. Iyon Wikki daban, na teku daban. Wikki ruwa ne kwantacce mai ɗumi, teku kuwa tana ja ta ƙasa. Ko gwanin iyo ya sa rigar da ke hana nutsewa. Kada a taka murjani, yana yanka kamar reza kuma ciwon ba ya saurin warkewa, ga shi doka ta hana, kamar yadda ta hana kamun kifi har mil biyu na teku daga gaɓa. Mata kada su damu da sutura, matan Malesiya da hijabinsu da doguwar riga ta iyo suke shiga, ana kuma sayar da ita a manyan shagunan Kuala Lumpur.

Redang irin ruwan Perhentian ne da tsada, yawanci ana sayar da ɗaki da abinci da jirgi a dunƙule. Tioman daga Mersing ake shiga, kuma lokacin tashin jirginta yana canzawa kullum saboda bakin kogin ba zurfi, sai teku ta cika. Ga ƙananan ƙudajen yashi masu cizo, ƙaiƙayinsu ya fi na sauro daɗewa.

Penang ba ta wanka ba ce, ta ciki ce. Gada mai kilomita 13.5 ta haɗa ta da ƙasa tun 1985, da mota ake shiga. Nasi kandar na Musulmi 'yan asalin Indiya, shinkafa da miya kala uku ko huɗu a haɗe, shi ne abin nema. Amma a nan ne ya kamata a fi buɗe ido, domin rumfunan 'yan asalin Sin da yawa da kitsen alade suke soya taliya. A duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko a ci inda masu hijabi ke ci. A Kedah da Terengganu wannan damuwar kaɗan ce, kuma hutun ƙarshen makonsu Juma'a da Asabar ne, bankuna a rufe. Tsirensu, wanda suke kira sate, ƙanana ne da miyar gyaɗa mai zaƙi, ba yaji ba ƙuli, don haka ƙullin yajin gida ba zai yi asara ba. Masa dai a haƙura sai an dawo.

Otal kusan ko'ina akwai kibiyar alƙibla a rufin ɗaki, kowace tasha da kanti akwai surau, wato ɗakin salla. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Baƙo na biyan harajin ringgit 10 kan kowane ɗaki a kowane dare, ban da kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita. Katin naira ba abin dogaro ba ne, a zo da dala sababbi marasa rubutu a jiki a canza a Kuala Lumpur, canjin tsibiri da na filin jirgi akwai cuta. Biza tun daga gida ake nemanta, da katin rigakafin shawara, da takardar shiga ta intanet da ake cikewa cikin kwana uku kafin sauka. Jiragen cikin gida masu araha kilo 7 kawai suke bari a hannu, a sayi nauyin akwati tare da tikiti, domin a wajen awo kuɗinsa ninkawa yake yi.