Wace kyamara ce za ta ɗauko maka tsuntsun fadama?

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa zai ɗauki zalɓe a bakin ruwa ya san ƙarshen zancen: ko tsuntsun ya tashi tun kana nesa, ko ya fito a hoto kamar ɗigon tawada. Tsuntsun daji ba ya yarda a matso shi. Saboda haka kafin ka tambayi farashi ko sunan kamfani, fara tambayar iya nisan da na'urar za ta zuƙo maka.

Abin kuwa ya cancanci kuɗinsa, don muna zaune kusa da arzikin da wasu ke hawo jirgi su zo kallo. Dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen gaɓa daga Turai suke sauka a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, su cakuɗu da kirinjijiya da dinya na gida. Mutumin Kano yana da bakin madatsar Tiga da ta Challawa. Ko bayan gari ka fita, ga cilakowa a kan kuka, ga kurege a bakin rami, ga shamuwa idan damina ta kawo kai. Ni abin da ya fi riƙe ni a wannan harka shi ne lokacin da zan kai hoto majalisa. Dattijo zai karɓa ya ƙura masa ido, ya faɗi sunan tsuntsun da watan da yake zuwa, daga nan hira ta koma kan gauraka, yadda a da ake jin kukanta a kowace fadama, yanzu kuwa sai an sha wuya a ga ɗaya.

Waya tana da nata wurin. Shimfiɗar fadama da hantsi, furen bado, malam-buɗe-littafi a kan ganye, duk za ta yi maka su da kyau. Amma zuƙowar yawancin wayoyi yanke hoton ne kawai a faɗaɗa shi, shi ya sa yake dushewa. Idan kuɗinka kaɗan ne, sayi madubin hangen nesa mai lamba 8x42, ka ɗora idon wayar a bakinsa. Akwai ɗan maƙali da ake sayarwa don haka. Hoton ba zai kai na bugawa a bango ba, amma ya isa a gane tsuntsu, kuma madubin zai ci gaba da yi maka aiki ko bayan ka sayi kyamara. Guji masu arhar nan da aka rubuta musu 20x ko 30x, hannu ba ya iya riƙe su ba rawa.

Wadda nake nuna wa mafi yawan masu farawa ita ce kyamara mai dogon zuƙo wadda gilashinta a haɗe yake, ba a cirewa. Nikon P900 da ta fito a 2015 tana zuƙowa ninki 83, daidai da gilashi mai milimita 2000 (yawan milimita shi ne ma'aunin nisan zuƙowar gilashi). Ƙanwarta P950 ta 2020 nisansu ɗaya. Canon SX70 tana da ninki 65, Panasonic FZ80 kuma 60, ita ce mai sauƙin kuɗi a cikinsu. Da irin wannan kana zaune a kwalekwale ko gindin giginya za ka ga ƙwayar idon balbela a tsallaken ruwa. Ga wata fa'ida da mutumin wannan yanki zai fi kowa ganewa: tunda ba a buɗe ta, ƙurar hunturu ba ta samun ƙofar shiga kai tsaye. P900 ma ana cajinta da igiyar USB, wato fawa bank ko ƙaramar sola ta wadatar.

Tana da rauninta, kuma gara ka sani tun yanzu. Sensar da ke kama haske a cikinta ƙarama ce ƙwarai. Da sassafe ko gab da magariba, lokacin da tsuntsaye suka fi walwala, hoton kan yi tsaki-tsaki. Tsuntsu a sama yana gudu kuwa sau da yawa zai wuce kafin ta daidaita. Sannan idan ka zuƙo har ƙarshe da tsakar rana, hucin da ke tashi daga ƙasa da hazo za su dagula hoton komai tsadar kyamarar. Batirin P900 hoto kusan 360 aka ƙiyasta masa, sai ka haɗa da na biyu.

Sai DSLR ta hannu, irin ta masu ɗaukar hoton biki, wadda ake sauya mata gilashi. Sensarta babba ce, tana jure ƙarancin haske, tana kama shirwa a sama, batirinta kuma yana daɗewa. Nikon D3500 hoto 1,550 aka ƙiyasta mata a caji ɗaya. Inda mutane ke rasa kuɗinsu shi ne su sayi jikin kyamarar da ɗan gilashin da yake zuwa da shi, mai milimita 18 zuwa 55. Wannan na ɗaukar ango da amarya ne. Tsuntsu yana buƙatar aƙalla mai 70 zuwa 300, wanda a kan irin waɗannan jikin yake aiki kamar 450 a Nikon, 480 a Canon. Ko hakan bai kai kwatan nisan P900 ba. Mai 150 zuwa 600 na Sigma ko Tamron shi ne na gaske, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 2, kuɗinsa kuma yakan fi na jikin. Ka kuma kula da jituwa: jikin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya gilashi a ciki, tsofaffin gilasai ba za su daidaita kansu a kai ba. Kada ka biya sai an ɗaura an gwada a gabanka.

Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki (mirrorless), irin Canon R7, suna gane idon tsuntsu su bi shi da kansu. Wanda Allah ya hore wa ya saya; ga mai farawa dai kuɗin ya yi yawa.

A ganina, wanda zai fita a babur ko a ƙafa, yana son ya san tsuntsayen yankinsa ya adana su, mai dogon zuƙo ta fi masa. Wanda ya riga ya iya kyamara, yana son hoton sayarwa ko na bugawa babba, ya tara kuɗin DSLR da dogon gilashi a tare.

Idan ta hannu za ka saya, je da memorinka. Haska fitilar waya cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna mai kama da zare, ko ƙura a ciki. Zuƙo har ƙarshe ka dawo sau da dama kana sauraron ƙara. Ɗauki farin bango ka duba ko baƙaƙen ɗigo suna maimaituwa a wuri ɗaya. A DSLR nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Tabbatar an haɗa maka caja, ka kuma yi sharaɗin dawowa da ita idan matsala ta fito.

A kasafinka ka bar kuɗin jaka mai rufewa sosai, da ɗan famfon hura ƙura, da abin sallamar mai kwalekwale. In ka isa ƙauyen da ba a san ka ba, fara zuwa ka gaida bulama ko mai unguwa ka nuna masa abin da ke hannunka, don baƙo da dogon baƙin abu a kafaɗa yana tayar da hankalin mutane a wannan zamani. Shi ne ma zai haɗa ka da masuncin da ya san inda dinya ke kwana.