Ƙamus na Longman Pronunciation Dictionary: ina ake danna murya?

Wannan ƙamus na John Wells, bugu na 3 na 2008, ba ya ba da ma'ana, furuci kawai yake koyarwa. Yana raba gaɓoɓin kalma da ɗan fili, ya sa alama a sama kafin gaɓar da ake dannawa sosai, wata a ƙasa kafin wadda ke bi mata a nauyi. A nan amfaninsa yake ga dogayen kalmomi. A photograph gaɓar farko ake dannawa, a photographer ta biyu, a photographic ta uku, domin ɗafa-ƙeyar -ic tana jawo nauyin zuwa gaɓar da ta zo kafinta. Haka -ity da -tion suke yi. Wasulan da nauyi ya bari sukan raunana, abin da Bahaushe kan manta ke nan, tunda a Hausa kowane wasali cikakke ake faɗarsa.

Yana kawo furucin Ingila da na Amurka gefe da gefe.

Inda zai ba ɗalibi wahala shi ne rabon gaɓa. Wells yana jingina baƙaƙe ga gaɓa mai nauyi, har petrol ya zama petr da ol, wanda bai dace da karya kalma a ƙarshen layi ba. Malamin da ke shirya ɗalibai jarrabawar furucin Turanci ta WAEC ya kamata ya mallake shi, amma ya fara koya musu alamomin IPA, wato alamomin rubuta sautukan furuci da ƙamus ɗin ke amfani da su.