Horon girgizar ƙasa ko na ruftawar gini: ina kuɗin Zariya ya fi dacewa?

Idan ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari ta ware ɗan abin da ya samu don horar da ma'aikatan agajin gaggawa, hanya biyu ce a gabanta.

Ta farko, a shirya horo na musamman kan girgizar ƙasa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: a Satumbar 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, nan cikin jihar Kaduna, a 2018 kuma mutanen Mpape a Abuja suka ji irinta. Sai dai horon yana cin kuɗi, dole a gayyato masana, kuma abin da ba a aiki da shi kullum saurin shiga mantuwa yake yi.

Ta biyu, a koya musu ceton mutane daga ƙarƙashin ɓaraguzan gini, ko me ya rushe shi. Nan na fi karkata. Ba a manta da Agustan 2023 ba, lokacin da rufin babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata. Duk damina kuma katangun ƙasa na zubewa a cikin birni, a lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga, sai dai shebur da baro da hannu. Wanda ya iya tokare bango da katako kafin ya fara tono, ya san ya tsayar da hayaniya don a ji muryar wanda ke ƙasa, ranar da ƙasa ta girgiza ma wannan aikin zai yi.

Bayanin girgizar kanta, yini guda da malaman ilimin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ya isa, ga su nan Samaru.