Ƙamus ɗin Cambridge na intanet: ya taimake ni wajen sunayen masu ta da fitina

Ni nake rubuta rahoton kwamitin sulhu na unguwarmu, kuma duk takardar da za ta je wurin 'yan sanda ko ƙaramar hukuma da Turanci ake son ta. A Hausa muna da sunaye birjik: fitinanne, mai zuga, mai haɗa husuma, ɗan daba, mai ta da zaune tsaye. Da Turanci kuwa yawancinmu troublemaker kawai muka riƙe, muna liƙa wa kowa. Wannan ya sa na koma amfani da shafin Cambridge Dictionary a wayata. Kyauta ne, data kawai yake ci.

Abin da ya fi burge ni, a ƙasan yawancin kalmomi akwai tarin 'yan uwansu. Daga can na tsinto instigator, wanda ya fara kitsa abin, da ringleader, jagoran gungun. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Idan samari suka yi faɗa a bakin famfo, sau da yawa wanda ya hura wutar yana gida kwance, wanda ya ja zugar kuwa shi ke hannu. Ka rubuta ɗaya a madadin ɗaya, ka ɗora wa ɗan mutane laifin da ba nasa ba, kuma takarda ba ta mantuwa.

Shafin yana kuma nuna nauyin kalma. Zai gaya maka wannan ta hira ce, waccan akwai zargi a cikinta. Stirrer, mai kai gulma yana haɗa mutane faɗa, maganar hira ce ta mutanen Ingila, ba ta dace da takardar hukuma ba. Agitator da rabble-rouser sun karkata ga siyasa da tunzura jama'a, don haka ba na kusantar su a rikicin maƙwabta. Agent provocateur, wadda aka aro daga Faransanci, ita ce ɗan leƙen asirin da ake turawa cikin mutane ya ingiza su su karya doka don a kama su. Da ka taɓa alamar lasifika za ka ji lafazin Ingila da na Amurka, kuma a kan wannan kalmar musamman na ji amfaninsa.

Inda ya gaza: babu Hausa cikin harsunan fassararsa, bayanin gaba ɗaya da Turanci yake, misalansa kuma na rayuwar Turawa. Ba za ka sami abin da ya zauna daidai da ɗan daba ba; thug ta kusa, amma ba ta ɗauko zaman daba da ubangidan siyasa ba. Tallace-tallace ma suna cika fuskar ƙaramar waya.

Mai rubuta rahoto ko ɗalibin sakandare da Turancinsa ya ɗan zauna zai ci moriyarsa sosai. Mai farawa kuwa ya nemi ƙamus na Hausa da Turanci ya haɗa da shi.