Ulu ko akirilik: hular sanyi mai kitso

Da na tashi saƙa mana hular sanyi mai zanen igiya, ni da ɗana, sai zaɓen zare ya tsayar da ni.

Ulun tumaki ne ke fito da zanen. Idan kika ɗauke maɗauki uku a kan ƙaramar allura, kika saƙa ukun da ke biye, sannan kika dawo kan na farkon, layin zai murɗe kamar kitso, ulu kuma ya riƙe murɗin tsaf. Da shi ake saƙa rigunan sanyin tsibiran Aran na Ireland da suka yi suna. Ga ɗumi ko ya ɗan jiƙe. Wanki ne matsalarsa: ruwan zafi da cuɗa sai ya dunƙule ya tsuke. Wani ma yana sa ƙaiƙayi a goshi.

Akirilik, wato zaren roba, ya fi araha, yana jure wanki, sai dai zanen yakan ɗan kwanta.

Tawa da ulu na saƙa. Shi kuwa yaron, da kullum hularsa ke cikin ƙurar hunturu, akirilik mai laushi na zaɓar masa, na ƙara tsawon bakin har ya rufe kunnuwansa.