Ƙamusun NAOB da wahalar furta harɗaɗɗun sunaye a harshen Norwe

Duk wanda ya zauna koyon harshen Norwe ba ya daɗewa kafin ya ci karo da kalmomi masu tsawon igiyar guga irin su menneskerettighetsorganisasjon, wato ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, wadda a rubuce kalma ɗaya ce tal ba tare da tazara a cikinta ba. Ma'anar irin waɗannan kalmomi ba ita ce ta fi ba ni wahala ba, domin da zarar mutum ya gane guntayen da aka harhaɗa, ma'ana takan fito da kanta. Abin da ya hana ni sakat shi ne sanin inda kalma take rabuwa, da gaɓar da murya za ta danna, da kuma karin da za a ɗora mata. Wannan buƙata ce ta kai ni ga ƙamusun intanet mai suna Det Norske Akademis ordbok, wanda aka fi sani da NAOB, kuma da wannan ma'auni kaɗai zan auna shi.

An buɗe ƙamusun ga jama'a a shekarar 2018, kyauta ne, kuma yana ɗauke da kalmomi sama da 200,000. An gina shi ne a kan tsohon ƙamusun Norsk Riksmålsordbok, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1957, saboda haka abin da ya tattara shi ne rubutun bokmål da riksmål, wato salon rubuta harshen Norwe guda biyu masu kama da juna, babu ɗayan salon mai suna nynorsk a cikinsa. Ƙarƙashin kalma mutum zai tarar da yadda take sauya siga, da ma'anoninta, da misalan da aka ciro daga rubuce-rubucen marubuta, amma layin da ni nake fara dubawa shi ne wanda aka yi wa take da "uttale", wato lafazi.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce a faɗe: a harɗaɗɗen suna babban nauyin murya yana sauka ne a kan kashi na farko, kashi na ƙarshe kuma ya sami ɗan nauyi kaɗan, alhali shi ne yake riƙe da ainihin ma'ana da jinsin kalmar. Husbåt kwalekwale ne da ake zama a cikinsa kamar gida, båthus kuwa ɗakin ajiye kwalekwale ne. Bahaushe da ya saba da jirgin ƙasa da gidan waya, inda uwar kalma take zuwa a gaba, dole ne ya juya tunaninsa baya. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin nauyin murya shi ne yake shaida wa mai sauraro cewa kalma ɗaya ake faɗa ba biyu ba. Røykfritt na nufin wurin da aka hana shan taba, amma røyk fritt izini ne na a sha ta son rai. Ni kaina na taɓa karanta lammelår, wato cinyar ɗan rago, a aji, na ba kowane ɓangare nauyinsa daidai wa daida, sai malamarmu ta yi murmushi ta ce abin da na faɗa shanyayyun cinyoyi ne, ba cinyar ɗan rago ba. A kan wannan batu NAOB ya biya ni, musamman wajen kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida, kamar skomaker, mai ɗinkin takalma, wadda nauyinta yake kan gaɓa ta biyu, abin da ba zan taɓa cinka ba da ban gan shi a rubuce ba.

Inda ƙamusun ya fi burge ni shi ne batun karin sauti, wanda mutanen Norwe suke kira tonelag, kuma a nan ne mai jin Hausa yake da jarin da ɗalibai da yawa ba su da shi. Mu mun san cewa kukan yaro daban, kukar miya daban, ko da yake haruffan kuka ɗaya ne a rubutun boko, kuma kunnenmu ya saba da rarrabe kalmomi ta hawa da saukar murya tun muna goye. Harshen Norwe yana da kari iri biyu, sai dai ba kowace gaɓa ce take ɗauke da nata ba kamar a Hausa, karin yana rataye ne a kan gaɓar da ke da babban nauyi. Misalin da kowane malami yake bayarwa shi ne bønder, manoma, da bønner, wake ko addu'o'i, waɗanda a lafazin yankin Oslo kari ne kaɗai ya raba su: na farko yana farawa ƙasa ya hau, na biyu yana farawa sama ya sauko sannan ya sake hawa. NAOB yana nuna wannan da 'yar alama a jikin wasalin da ke ɗauke da nauyi, mai karkata dama ga kari na ɗaya, mai karkata hagu ga kari na biyu, sannan ɗigo biyu suna nuna tsawon sauti. Da alama guda mutum ya san inda zai danna da kuma waƙar da zai yi wa kalmar. Wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934, inda aka nuna karin kalmomin Hausa, ba zai ga baƙon abu a wannan dabara ba.

A harɗaɗɗun sunaye amfanin alamar ya ninka, saboda ɗan harafin da yake ɗaure kashi biyu yakan sauya karin gaba ɗaya. Landmann, manomi, yana da kari na biyu, amma da zarar an saka s a tsakiya aka sami landsmann, wato ɗan ƙasarku, sai ya koma kari na ɗaya. Idan kuwa e ce ta ɗaure su, kamar a barnehage, makarantar renon yara, kari na biyu ake ji. Waɗannan haruffa suna tuna mini da n da r na Hausa a gidan sarki da rigar sarki, ko da yake aikinsu bai zo ɗaya ta kowace fuska ba.

Ta fuskar rarraba gaɓoɓi kuwa, taimakon ƙamusun bai kai na lafazi ba, domin ba littafin ƙa'idojin rubutu ba ne. Mai koyo yana bukatar ya riga ya san cewa harshen ba ya jera baƙi iri ɗaya sau uku, shi ya sa natt da tog suke zama nattog, jirgin ƙasan dare, buss da stasjon su zama busstasjon, kuma harafin da ya ɓace yana dawowa idan an raba kalmar a ƙarshen layi, a rubuta natt-tog. Haka nan s mai ɗaurewa tana bin kashi na farko ne, a raba arbeidsdag a matsayin arbeids-dag. Irin wannan bayani a shafin hukumar harshe ta Språkrådet ake samunsa a tsare. Sanin mahaɗar kalma yana da muhimmanci na musamman gare mu, tun da harshen Hausa ba ya son cunkoson baƙaƙe, kuma bakin da ya saba da cewa burodi da sukuru zai so ya cusa wasula a cikin angstskrik, kururuwar tsoro, har sai ya gane cewa angst ne da skrik. Kuma tun da kowa yana iya ƙera sabon harɗaɗɗen suna a duk lokacin da ya ga dama, babu ƙamusun da zai tattara su duka, sai dai a nemi wata kalma mai kashin farko iri ɗaya a kwatanta.

Bayanin NAOB duka da harshen Norwe yake, saboda haka wanda bai yi nisa ba zai fi jin daɗin ƙamusun Lexin, wanda aka yi domin baƙi, yana da murya da fassara zuwa harsuna irin su Larabci da Somaliyanci, amma babu Hausa a ciki. Lafazin da NAOB yake nunawa kuma ya fi kusa da na gabashin ƙasar, alhali mutumin Bergen ko na Tromsø yana rera kalmomin nan da wata waƙa dabam. Abin da nake yi yanzu shi ne in duba alamar, in rubuta kalmar a littafina da layi a mahaɗarta, sannan in kasa kunne a labaran NRK, gidan rediyon ƙasar Norwe, har sai na ji ta daga bakin mai ita.