Ƙarshen mako a tsibirin Chumbe: ga yadda muka same shi, mu da ba ma cin nama

Ni da maigidana mun daɗe da barin cin duk abin da ya fito daga dabba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono ko man shanu. Duk wanda ke kan wannan tsari ya san wahalar tafiya: sai ka sauka a otal mai tsada, da ka yi bayani a kawo maka latas da tumatir da dankali soyayye, safe da dare. Shi ya sa idan zan auna masauki, daga kicin nake farawa. Kicin ɗin Chumbe ya fita kunyarmu.

Chumbe ɗan ƙaramin tsibiri ne a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, kudu maso yamma da Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. Da safe kwalekwale mai inji ke ɗaukar baƙi daga gaɓar Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ɗakunan kwana bakwai ne kawai a tsibirin gaba ɗaya, don haka sai an kama wuri da wuri. A lokacin da muka kama ne muka rubuta musu abin da ba ma ci, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, domin ba kasuwa a tsibirin, duk cefane a kwalekwale yake zuwa.

Abin da ya faranta min rai shi ne ba su ƙirƙiro mana wani baƙon abinci ba. Girkin Sawahili ne suka ba mu, wanda dama yawancinsa da madarar kwakwa ake yi. Mun ci shinkafar da aka dafa da kwakwa, da wake a cikin miyar kwakwa mai kauri wanda suke kira maharage ya nazi, da alayyafo da aka sarrafa da albasa da tumatir, da rogo da aka dafa har ya yi laushi ya sha romon. A gefe kuma akwai kachumbari, haɗin tumatir da albasa da lemun tsami da ɗan barkono. Zanzibar ƙasar kanumfari ce, kuma za ka ji shi a shinkafar pilau tare da kirfa da masoro. Sauran baƙi suna cin kifi, mu muna cin namu, babu wanda ya ji an rage masa. Da za a kawo kwano sai mai hidimar ta faɗa min abin da ke ciki tun ban tambaya ba, ta ce, "Mama, wannan da man kwakwa aka yi, ki ci hankali kwance." Wanda bai taɓa zama yana binciken miya da cokali ba ba zai gane darajar wannan jimlar ba. Da safe ga gwanda da abarba da ayaba, ga shayi mai citta. Maigidana, wanda ba ya yabon abinci da sauƙi, har tambayar yadda ake haɗa waken nan ya yi.

Sai batun kare muhalli. Otal-otal da yawa suna iƙirarin haka, amma iyakacinsu ɗan kati da ke roƙon ka maimaita tawul. A Chumbe abin a jikin ginin yake. Tsibirin dutsen murjani ne tsohon zamani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, ba rijiya ba ƙorama. Saboda haka an yi rufin kowane ɗaki da ganyen kwakwa, mai faɗi da gangare, yana tattara ruwan sama, a tace shi, a adana a tanki ƙarƙashin ɗakin. Da shi za ka yi wanka da alwala, kuma rana ce ke ɗumama shi. Ruwan wankan da ya fita yana bi ta cikin shuke-shuke ya tace kafin ya taɓa ƙasa, don kada sabulu ya kai ga teku. Wutar fitilu ma daga hasken rana take. Masai ɗin ba na kora da ruwa ba ne, irin wanda ke mayar da bayan gida taki ne, kuma ba wari ko kaɗan. Na san mata da yawa za su yi jim a nan, amma tsaf yake.

Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu talabijin, babu tafkin wanka. Iskar teku ce ke ratsa ɗakin, kuma bangon gaba na saman bene ana iya sauke shi gaba ɗaya ka kwanta cikin gidan sauro kana fuskantar ruwa. Wanda barci ba ya ɗaukarsa sai da sanyin na'ura, ya nemi wani wuri a Nungwi ko Paje, garuruwan bakin teku a Unguja. Ni dai na yarda da zaɓin da suka yi, don ba yadda za a yi ɗan tsibiri irin wannan ya ɗauki janareto da tafki ya kuma zauna lafiya.

Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ita ta faro aikin a farkon shekarun 1990, kuma a 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana murjanin yammacin tsibirin a matsayin wurin da aka killace. An hana kamun kifi a wurin. Daga cikin masu gadin farko akwai mutanen ƙauyukan da ke kusa waɗanda a da masunta ne, kuma kuɗin da baƙi ke biya shi ke riƙe gadin da kawo 'yan makaranta su ga teku da idonsu. Farashin ba na wasa ba ne, amma ya haɗa da abinci da kwalekwale da jagora, kuma na ga inda kuɗina ke tafiya.

Mun shiga ruwa da tabarau da bututun numfashi, jagora na gaba da tayar da za ka riƙe idan ka gaji. Akwai nau'in murjani sama da 200 a wannan ɗan wuri, kifaye kala-kala suna kai da kawowa a tsakaninsu. Ga mutanen da suka bar cin kifi saboda tausayin halitta, ganin su a raye cikin gidansu ya taɓa mu sosai. Da dare kuma aka zagaya da mu daji da tocila don ganin ƙaguwar kwakwa, wadda ta fi duk ƙaguwar tudu girma a duniya, har bishiya take hawa.

Mun hau hasumiyar da aka gina a 1904 don haska wa jiragen ruwa hanya, daga samanta ana hango Unguja. Kusa da ita akwai ɗan tsohon masallaci da aka gina wa masu kula da hasumiyar, har yanzu ma'aikata na salla a ciki, kuma maigidana ya bi su jam'i.

Wanda zai je ya kauce wa manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu, ya tafi da takalmin shiga ruwa domin idan teku ta janye sai an taka ruwa kafin a hau kwalekwale, kuma ya rage kaya. Mu kam mun riga mun yanke shawarar komawa, mu ƙara kwanaki.